Kaza Ma Tana Zazzaɓin Cizon Sauro

Damina ta kankama. Ruwa ya kwanta a kududdufai da kwatami, zabi sun shiga ƙwai a cikin ciyawa, mata kuwa sun sa wa kaji ƙwan zabi su kwanta a kai. Wannan ne lokacin da mai kiwon kaji ya ke ƙidayar riba tun ba ta zo hannu ba. Amma kuma shi ne lokacin da a kan wayi gari a tarar da kaza ta takure a gindin danga, ta saki fikafikai, zankonta ya yi fari, ba ci ba sha. Bayan kwana biyu ko uku ta mutu, ko kuwa a yi maza a yanka ta kada ta yi mushe.

In haka ta faru, abin da a kan yi sananne ne. Maigida ya aiki yaro kantin magani ya sayo kafso, a fasa a zuba a ruwan kaji. Uwargida ta lalubo ragowar maganin zazzaɓin da aka ba yaro kwanan baya, ta niƙa ta haɗa da dusa. Samari su ɗauki ɗanƙo su bi kurciyoyi da balbelu, wai su ne su ke kawo ciwo daga daji. Kowa ya yi ta kai da kawowa, ba wanda ya waiwayi kwatamin da ke bayan akurki, ba kuma wanda ya leƙa tsagar bangon da kajin su ke kwana a jikinsa. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki.

Maganar da ke tafe ita ce, akwai cututtukan jini da su ke kama tsuntsaye na gida da na daji, ɗaya daga cikinsu kuwa zazzaɓin cizon sauro ne sosai. Dukansu ba su da ƙafar tafiya daga tsuntsu zuwa tsuntsu, sai ƙwaro mai cizo ya ɗauke su. Saboda haka wanda ya ke son kajinsa su ga kaka, ƙwaron nan ya kamata ya yaƙa, kuma kada ya ba da magani sai an duba jini.

ABIN DA KE CIKIN JININ

Ƙwayoyin cutar nan ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Manyan danginsu uku ne.

Na farko su ne waɗanda likitoci su ke kira Filasmodiyam. Dangi ɗaya ne da masu sa wa mutum zazzaɓi, sauro ne kuma ya ke ɗaukarsu. Macen sauro ita ke cizo. In ta ciji tsuntsu mai ciwo ta sha jininsa, ƙwayoyin su kan hayayyafa a cikinta har wajen mako ɗaya ko fiye, sa'an nan su taru a yawunta. Ranar da ta sake cizon wani tsuntsu ta zuba masa su. Da fari su kan ɓuya a saifa da hanta da bangon jijiyoyin jini, daga nan su faɗa cikin jajayen ƙwayoyin jini suna cinye su suna fasa su. Shi ya sa zanko ya ke yin fari, gama jinin ne ya ke ƙarewa. Wani iri kuma ya kan toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kaza ta shanye ta mutu farat ɗaya.

Na biyu su ne Hemofurotiyas. Duk mai kiwon tattabaru ya san wani ƙuda mai faɗin jiki da ya ke sulɓewa a gicciye cikin gashin tattabara, da wuyar kamawa da wuyar murƙushewa. To, shi ne ya ke ɗaukar wannan a tsakanin tattabaru. Ga waɗansu tsuntsaye kuwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai cizo da magariba. Manyan tattabaru su kan yi yawo da ita ba ta dame su ba, 'yan shila ne su ke shan wuya.

Na uku su ne Lukosaitozun. Mai ɗaukarsu baƙin ƙudan nan ne na bakin rafi, mai haihuwa a ruwa mai gudu, ɗan'uwan wanda ya ke kawo wa mutane makanta a garuruwan bakin kogi. Kaji da zabi da fakara na ƙasashen Afirka duk an sami wannan a jininsu.

Malaman dabbobi a Zariya da Maiduguri da Gombe sun sha ɗiban jinin kajin gida da tattabaru su duba, sun kuwa ga ƙwayoyin nan. Watau ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a kwantar wa jama'a da hankali a kansa. Zazzaɓin tsuntsu ba ya kama mutum, na mutum kuma ba ya kama kaza. Ko sauron ma galibi ba ɗaya ba ne. Mai kawo wa mutum zazzaɓi shi ne Anofilis, wanda in ya sauka a bango ya kan ɗaga gindinsa sama, ya fi kuma son haihuwa a ruwan sama da ya kwanta a rana. Mai kawo wa tsuntsaye kuwa yawanci Kyuleks ne, mai zama daidai da bango, mai son ruwan ƙazanta na kwatami da bayan makewayi. Har ma a 2016 waɗansu masana da su ka yi bincike a Habasha sun nuna cewa wani irin Anofilis gudun warin kaza ya ke yi. Don haka ajiye kaji a gida ba ya ƙara wa yara zazzaɓi.

BASHIN DA MUTANE SU KE ƊAUKE DA SHI

Wani zai ce, ina ruwan likita da zazzaɓin tsuntsu, ga mutane suna mutuwa? Amsa ita ce, a jikin tsuntsu aka koyi yawancin abin da aka sani game da zazzaɓin mutum.

A 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar zazzaɓi a jinin mutum a ƙasar Aljeriya. Ba a jima ba, wajen 1885, Danilewsky a birnin Karkob ya ga irinta a jinin tsuntsayen daji. Amma ba wanda ya tabbatar da hanyar da ta ke bi ta shiga jiki. Sai a 1898 wani likita Bature, Ronald Ross, ya na aiki a Kalkata ta ƙasar Indiya, ya sa sauro ya ciji tsuntsaye masu ciwo, ya bi sawun ƙwayar a cikin sauron har zuwa yawunsa, sa'an nan ya sa shi ya ciji lafiyayyun tsuntsaye, su ka kamu. A 1902 aka ba shi kyautar Nobel saboda wannan aiki. Duk wanda ya ɗaura gidan sauro yau, albarkacin 'yan tsuntsayen nan ya ke ci.

Haka kuma maganar magani. Jamusawa a jikin kanari su ka gwada wani maganin zazzaɓi da aka harhaɗa a ma'aikata, wajen 1926. A 1935 wani masanin Faransa, Brumpt, ya bayyana zazzaɓin kaji da aka samo daga tsibirin Silon, watau Siri Lanka ta yau. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsananta, Jafan ta kama Jawa inda a ke samun kwinin, sai aka koma gwada dubban magunguna a jikin 'yan tsaki da 'yan agwagwa. Faludirin da dattawa su ka sani, wanda aka fitar a Ingila a 1945, a jikin 'yan tsaki aka fara ganin amfaninsa. Ke nan kaza ta yi wa ɗan Adam rana. Bai kamata a ce nata zazzaɓin ne a ke yi wa riƙon sakainar kashi ba.

ABIN DA YA SAMI TSUNTSAYEN HAWAI

Don a san ƙarfin abin, ga labarin waɗansu tsibirai da ke tsakiyar tekun Fasifik, ƙarƙashin mulkin Amurka, sunansu Hawai. Da can babu sauro ko ɗaya a wurin. Tsuntsayensu sun yi dubban shekaru ba su san cizonsa ba. Wajen 1826 sauron Kyuleks ya shigo cikin jirgin ruwa. Daga baya aka riƙa shigo da tsuntsayen waje don sha'awa, waɗansu da ƙwayar zazzaɓi a jininsu. Da mai ɗauka da abin ɗauka su ka haɗu, sai ɓarna ta tashi.

Akwai wani dangin ƙananan tsuntsaye masu shan ruwan fure, da can sun fi iri 50, yau 17 su ka rage. Sare daji da ɓeraye da kyanwoyi sun taimaka, amma zazzaɓi ya na cikin manyan dalilai. An gwada wani jan tsuntsu daga cikinsu, aka ga cizo ɗaya tak na sauro mai cuta ya kan kashe tara cikin goma. Waɗanda su ka tsira sun tsira ne a kan duwatsu, sama da kamar mita 1,500, inda sanyi ya hana sauro zama. Da duniya ta ƙara ɗumi sai sauron ya riƙa hawa ya na cim musu. A 2023 hukumar Amurka ta ba da sanarwar cewa iri takwas na tsuntsayen Hawai sun ƙare ƙaf. A shekarar ce kuma aka soma sakin mazan sauro waɗanda aka sa musu wata ƙwaya, in sun haɗu da matan daji ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa. Sai a lura, mutanen nan da kuɗinsu da iliminsu, sauro su ka bi, ba su bi tsuntsaye da magani ɗaya bayan ɗaya ba.

Haka a gidajen namun daji na Turai da Amurka, tsuntsun nan na ƙasashen sanyi da a ke kira fengwin ya sha mutuwa da zazzaɓin da tsuntsayen gari su ke yawo da shi lafiya lau.

Darasin da ke ciki guda ne. Ɗan gida da ya saba da ciwo ya kan jure, baƙo shi ya ke faɗuwa. A Kenya an sami wata ƙwayar zazzaɓi, aka sa mata suna a 1941, wadda fakara ta ke ɗauke da ita ba ta ko tari, amma in ta shiga ƙananan talo-talo ta kan kashe har tara cikin goma. Talo-talo asalinsa daga Amurka ya ke. To, akawun da ya sayi 'yan tsakin gidan gona ko talo-talo da kuɗin albashinsa ya zuba su bayan gida kusa da kwatami, sai ya tuna da maganar mutanen da, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A FAƊI GASKIYA, BA KOWACE MUTUWA BA CE

Kada mai karatu ya tashi daga nan ya ce duk kazar da ta mutu sauro ne. Babban mai kashe kajin ƙauye har yanzu ciwon Niyukasil ne, mai zuwa galibi da hunturu, mai share gari cikin 'yan kwanaki, kaza ta yi ta haki, wuya ya murɗe. Shi iska da kashi da cuɗanya su ke yaɗa shi, ba ya kuma jin magani, sai rigakafi. Akwai murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a Nijeriya a jihar Kaduna a 2006. Akwai tsutsar ciki da zawon jini. 'Yan zabi kuwa sanyi da raɓa da jiƙewa kaɗai sun isa su kashe su da yawa a makonnin farko.

Ciwon jini shi ya fi zuwa da damina da farkon kaka, sa'ad da ƙwari su ka yi yawa. Alamunsa su ne farin zanko, kasala, rama, koren kashi, raguwar ƙwai. In an yanka a kan ga jini ya tsinke kamar ruwa, saifa da hanta sun kumbura sun yi duhu. Taɓa jikin kaza a ce ta na zazzaɓi ba hujja ba ce, gama lafiyayyar kaza ma zafin jikinta ya kan kai 41 ko 42 a ma'auni, alhali na mutum 37 ne.

Kajin gida da yawa suna ɗauke da ƙwayoyin nan ba su kwanta ba. Amma rashin kwanciya ba shi ne lafiya ba. Masana na ƙasar Suwidin sun bi wani ƙaramin tsuntsun fadama mai zuwa Afirka cin rani shekara da shekaru, a 2015 su ka bayyana cewa masu ƙwayar a jini, ko da ba su nuna ciwo ba, ba su kai sauran tsawon rai da yawan 'ya'ya ba. Kazar da ta ke ciyar da ƙwari da jininta, ga tsutsa a ciki, ga abinci sai abin da ta tona, ba za ta yi ƙwai da nama yadda ya kamata ba. Hasara ce da ba a gani, ɓarawon da ya ke ɗiba kaɗan kaɗan.

KASKAR DA KE CIKIN BANGO

Akwai kuma wani maƙiyi da ya fi sauro kusa. Kaskar kaji ba ta manne wa jiki kamar ta shanu. Halinta na kuɗin cizo ne. Da rana ta ɓuya a tsagar bango da ɓawon itacen da kaji su ke hawa, da dare ta fito ta sha jini ta koma. 'Ya'yanta ne kaɗai su ke maƙalewa ƙarƙashin fiffike na 'yan kwanaki. Babba ta na iya yin fiye da shekara ba ta ci kome ba, saboda haka barin akurki wata biyu ba kaji ba ya kashe ta.

Ita ma ta na ɗauke da cututtukan jini biyu, ɗaya an fara bayyana ta a Masar, ɗaya kuwa siririya ce mai kama da murɗaɗɗen zare. Alamunsu kusan ɗaya ne da na zazzaɓin sauro, farin zanko da koren kashi da kasala. Amma maganinsu dabam ne. Waɗannan biyu suna jin maganin ƙwayoyin cuta irin su tetarasaikilin in an ba da shi daidai. Ga dalilin da ya sa ido kaɗai ba ya raba gardama.

MAGANIN DA BA A AUNA BA

Mai ba kaji kafso zai ce, ai na taɓa ba su sun warke. Gaskiya ne, ya yiwu ranar ya yi sa'a ciwon kaska ne. Makaho ma ya kan yi jifa ya sami tsuntsu. Amma in Niyukasil ne ya yi hasarar kuɗinsa, in zazzaɓin sauro ne ya ɓata lokaci, in kuwa murar tsuntsaye ce ya sa iyalinsa cikin hatsari wajen dafa wa marasa lafiyar kaji da figarsu.

Ban da wannan, maganin da aka ba kaza ya kan sauka a ƙwai da nama, yara su ci. Ƙwayoyin cuta kuma in suna samun magani kaɗan kaɗan wanda bai isa kashe su ba, su kan saba da shi. Kowa ya ga yadda aka yi da kulorokwin, maganin da aka dogara da shi shekaru, har ƙwayar zazzaɓin mutum ta daina jinsa, Nijeriya ta sauya shi a 2005. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ragowar maganin zazzaɓin yaro kuwa, tun farko bai kamata ya yi ragowa ba, sai yaro ya shanye adadin da likita ya faɗa. Gaskiya likitocin gidajen namun daji su kan ba tsuntsaye magungunan zazzaɓi na mutane, amma sai sun auna nauyin tsuntsun, kuma ba tsuntsun da za a ci ba ne.

Dubawar ba wani abu mai tsada ba ce. Ɗigon jini ɗaya daga jijiyar fiffike, a shafa a gilashi, a rina shi da rinin da a ke duba zazzaɓin mutum da shi, a sa a madubi. Sai dai kaza mai rai a ke kai wa malamin dabbobi, wadda ciwon ya kama bai daɗe ba. Ɗan tsinken gwajin zazzaɓi da a ke sayarwa a kanti don mutum aka yi shi, ba ya aiki ga tsuntsu.

A ƘYALE TSUNTSAYEN DAJI

Ba a musun cewa tsuntsayen daji suna ɗauke da ƙwayoyin nan. Kowace shekara dubban dubbai su kan ƙetaro Sahara daga Turai su sauka a fadamar Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Cadi. Binciken da aka yi a jinin ƙananan tsuntsaye a arewacin Nijeriya, aka buga a 2002, ya nuna baƙin da 'yan gida suna musayar waɗansu ƙwayoyin a tsakaninsu. Amma yawancin waɗannan ƙwayoyi kowace da irin tsuntsun da ta ke zama a jikinsa. Ta kurciya da tattabara ba ta zama a kaza. Waɗanda su ka fi kusa da kaza a jini su ne fakara da zabon daji.

Ko da kuwa tsuntsun daji ya na da cutar da za ta kama kaza, ba shi da yadda zai ba ta sai da ƙwaro. Mutum ba zai iya harbe tsuntsayen sama duka ba, amma zai iya cike rami guda da ke bayan gidansa. Balbela ta na cin fara da ƙwari, shamuwa ta na cin tsutsar gona, ungulu ya na share mushe. Kashe su ƙarin hasara ne. Abin da ya dace shi ne kada a bar hatsi da ruwan kaji a fili inda na daji za su riƙa sauka, wannan kuwa ya na tsare murar tsuntsaye ma.

AIKIN MANOMI

Sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana bakwai ne zuwa goma a lokacin zafi. Saboda haka duk ruwan da ya yi mako a kwance gonar sauro ne. A zaɓi rana ɗaya a mako a zaga gida. Fasasshiyar tukunya da gwangwani da tsohuwar taya a kife su. Ramin da aka haƙi ƙasar gini a cike shi. Kwatami a yashe shi ruwa ya wuce. Kaskon ruwan kaji a wanke shi kullum. Wannan aiki yara ma za su ci moriyarsa, gama nasu sauron ma a ruwan kwance ya ke haihuwa.

A gina akurki a tudu, nesa da kwatami. A rufe tagoginsa da ragar waya mai ƙananan idanu, a shigar da kaji kafin magariba, musamman 'yan tsaki da 'yan zabi da talo-talo. Kada a cire gidan sauron yara a rufa wa kaji. Kada kuma a toshe akurki ruf, iska ba ta shiga, gama wannan wani ciwon ne. Hayaƙi ya kan kori sauro na ɗan lokaci, amma ya kan shaƙe 'yan tsaki.

A ɗauki fitila da dare a duba bango. In an ga kaska, a yaɓe tsagogi, a shafe da farar ƙasa, a ɓare ɓawon itacen hawa ko a ƙone shi a sa sabo, a ƙone tsohuwar shimfiɗa. In za a yi feshi a tambayi malamin dabbobi, a fitar da kajin tukuna. Ota-fiya-fiya da maganin feshin gona ba na akurki ba ne, suna kashe kaji, suna cutar da mai fesawa. A ajiye wa kaji toka da rairayi a inuwa su yi birgima. A ƙara musu abinci da damina, a ba su maganin tsutsa, a yi musu rigakafin Niyukasil, wanda ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom ta ke yi har da irin mai jure zafi da a ke ɗigawa a ido.

AIKIN ƊAN KASUWA DA AKAWU

Mai fataucin kaji ya sani kejinsa da kwandunansa motar kaska ce. Ya kan tara kajin ƙauye goma a keji guda, su sha rana da ƙishirwa a hanya, wanda ciwo ya ke kwance a jininsa ya tashi. Wanke keji da ruwan zafi da shanya shi a rana bayan kowace kasuwa bai kai hasarar zakara ɗaya ba. Wanda kuma ya sayar da kaza ya san ba ta da lafiya, ya ci amana. Mai saye shi ma ya ware sabuwar kaza mako biyu ko uku, ya duba ƙarƙashin fiffikenta, kafin ya haɗa ta da nasa.

Akawu kuwa alƙalaminsa shi ne fartanyarsa. Ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da kaji su ka fara ciwo, nawa su ka mutu, masu wata nawa, wane wata ne. Shekara biyu in ya duba zai ga da kansa wace mutuwa ce ta hunturu, wace ce ta damina. Irin wannan rubutu shi malamin dabbobi ya ke bukata.

Saura hukuma. An kafa ma'aikatar Vom tun 1924, akwai makarantun likitan dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, a Nijar kuma akwai babban ɗakin binciken dabbobi a Yamai. Ilimi ya na nan. Amma matar da ke da kaji goma sha biyu a ƙauye ba za ta ɗauki kaza zuwa Vom ba. Abin da ya kamata shi ne kowane asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma ya sami madubi da gilasai da rini da wanda ya iya dubawa, a kuma riƙa zama a manyan kasuwannin kaji ranar kasuwa. An saba ɗaukar shanu su ne dukiya, kaza kuwa abin mata da yara. To, kazar nan ita ce kuɗin littafin makaranta, ita ce sabulu da gishiri, ita a ke kamawa a sayar ranar da yaro ya kwanta. Wanda ya tsare ta ya tsare asirin gida.

Rigakafi ya fi magani. Kafin Juma'a mai zuwa, maigida ya ɗauki shebur ya zaga bayan akurki, da dare kuma ya ɗauki fitila ya duba bango. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare dukiyar talakawa.